TARIHIN YADDA MUTANE SUKA KOYI SANIN ZUWAN HADARI

Ko wane yaro a ƙasar nan ya san alamar hadari. Zafi ya kan tsananta tun da hantsi, iska ta ɗauke ɗif, da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, sa'an nan wata iska mai sanyi ta taso da ƙura, ta kwashe shanya, ta yaye jinka. Mai hankali da ya ga haka sai ya kora awaki gida. Amma wannan sani na sa'a guda ne, ko biyu. Abin da mu ke so mu ba ku labarinsa yau shi ne yadda aka yi har mutane suka iya faɗin zuwan ruwa tun da sauran kwana uku ko biyar, da kuma yadda suka gane ainihin walƙiya da tsawa. Labari ne na shekara fiye da dubu biyu, an kuwa yi hasarar rayuka a cikinsa. In kun bi shi har ƙarshe za ku ga wannan ilmi ba duba ba ne, ba kuwa bugun ƙasa ba. Aiki uku aka haɗa: a auna, a rubuta, a aika wa na gaba da labari maza-maza.

ZAMANIN DA

Mutanen da ba su da wani abin dogara sai alamu da taurari. Larabawa sun raba shekara bisa ga fitowar taurari da faɗuwarsu, har wani malaminsu, Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a 889, ya tara wannan sani a littafi guda. Malaman ƙasarmu ma sun gaji lissafin manzilolin nan 28, manoma kuwa su kan tambaye su kafin shuka. Lissafin yana da amfani, amma iyakarsa ya faɗa maka damina ta ƙarato. Ba ya faɗa maka ko za a yi ruwa ran Talata.

Wajen shekara 340 kafin haihuwar Annabi Isa, wani masanin Yunanawa, Aristo, ya rubuta littafi a kan iska da ruwa da girgije. Ya ce ƙasa tana fitar da tururi iri biyu, mai laima da busasshe. In busasshen ya matsu a cikin girgije, ya kuɓuce da ƙarfi, ya bugi girgijen da ke kusa, to, ƙarar ita ce tsawa, kamawarsa da wuta kuwa ita ce walƙiya. An juya littafin nan da Larabci a Bagadaza wajen shekara ta 800, daga Larabci kuma aka juya shi da Latin a ƙasar Andalus. An yi ta koyar da shi kusan shekara dubu biyu, ba wanda ya gwada ya ga ko hakanan ne, domin ba abin gwadawa.

Inda ba awo, zato ya kan yi yawa. Kun san duwatsun nan masu santsi da a kan tsinta a gona, a ce gatarin aradu ne. Turawan da ma haka suka ɗauke su, har su kan ɓoye su a rufin ɗaki wai don tsari. Daga baya aka tabbata gatura ne na mutanen farko, waɗanda suka sassaƙa tun ba a san ƙarfe ba. Akwai wata al'ada kuma a Turai, in hadari ya haɗo sai a hau kaɗa ƙararrawar majami'a wai don a kore shi. Hasumiyar ƙararrawa kuwa ita ta fi kome tsawo a gari, igiyarta ga ta jiƙe da ruwa. Masu kaɗawa da yawa suka hallaka ta haka, har mahukuntan birnin Faris suka hana al'adar.

FARKON AWO

A 1441, zamanin Sarki Sejong na ƙasar Koriya, aka ƙera wani bututun ƙarfe na tarar ruwan sama. Aka rarraba irinsa a larduna, aka umurci hakimai su riƙa auna zurfin ruwan da ya taru, su rubuta, su aika fada. Dalili kuwa shi ne sarki ya san inda amfanin gona zai yi kyau da inda zai gaza. Abin ba wuya gare shi, amma shi ne tushe, domin daga ranar aka daina cewa an yi ruwa mai yawa, aka koma faɗin yawansa.

A 1643 wani mutumin Italiya, Torricelli, ya sami dogon bututun ƙarau mai toshe a kai ɗaya, ya cika shi da zaiba, ya kifa bakinsa cikin wata tasa mai zaiba. Zaibar ta sauko kaɗan, ta tsaya wajen inci 30, ta ƙi zubewa. Me ya riƙe ta? Torricelli ya ce nauyin iska ne da ke danna zaibar da ke cikin tasa. Mutane suka yi mamaki, gama yawancinsu ba su taɓa zaton iska tana da nauyi ba. Alhali kuwa tana danna ko wane inci murabba'i na jikinmu da nauyin wajen laba 15, sabo ne ya sa ba mu ji. A 1648 wani Bafaranshe, Pascal, ya ce in dai maganar nan gaskiya ce, to, a bisa dutse zaibar za ta sauka, don iskar da ke bisa kai ta ragu. Ya sa mijin yayarsa ya hau wani dutse mai tsawo da bututun. Da ya kai ƙoli sai ga zaiba ta sauka wajen inci uku.

Ba a daɗe ba aka lura ko a wuri ɗaya zaibar ba ta zama daidai kullum. In ta hau, galibi gari ya kan yi garau. In ta sauka da sauri, iska da ruwa na tafe. Magajin garin Magdeburg a Jamus, Otto von Guericke, ya kafa irin wannan ma'auni na ruwa a jikin gidansa, tsawonsa ya fi ƙafa 30. A 1660 ya ga ruwan ya faɗi fiye da yadda ya saba, ya gaya wa mutane babbar iska na zuwa, ta kuwa zo. Bayan wannan aka gyara ma'aunin zafi: Fahrenheit ya yi nasa na zaiba a 1714, Celsius kuma ya fito da nasa lissafin a 1742.

FRANKLIN DA WALƘIYA

A birnin Filadelfiya na Amurka akwai wani mai buga jarida, Benjamin Franklin. Wata rana a 1743 ya shirya zai kalli husufin wata, sai hadari ya rufe sama, iska tana busowa daga arewa maso gabas. Ya ɗauka ɗan'uwansa da ke Boston, wajen mil 300 ta wannan fuska, shi ma bai ga kome ba, tun da daga wajensu iskar ta ke fitowa. Ashe mutanen Boston sun ga husufin sarai, sai bayan ya wuce hadari ya iso musu. Franklin ya bi diddigi, ya gane hadari matafiyi ne, yana da hanyarsa, hanyar kuwa ba lalle ta zama ɗaya da inda iskar ƙasa ta nufa ba. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

A lokacin nan masana suna wasa da wutar lantarki. Sun san in an goga ƙarau da ƙyalle ya kan fitar da ɗan tartsatsi, a 1746 kuma aka ƙago wata kwalba a birnin Leiden na Holan wadda ke ajiye wutar. Franklin ya ga lantarki fuska biyu gare shi, ya ari alamun lissafi ya kira ɗaya ta tarawa, ɗaya ta ɗebewa, ko wace kuwa tana neman 'yar'uwarta. Ya lura tartsatsin nan da walƙiya sun yi kama: launinsu ɗaya, tafiyarsu a karkace, duka suna bin ƙarfe, suna kashe dabba. Ya rubuta yadda za a gwada, aka buga a Landan a 1751.

Mutanen Faransa suka riga shi gwadawa. Wani masani, Dalibard, ya kafa sandar ƙarfe mai ƙafa 40 a ƙauyen Marly kusa da Faris, ya bar wani tsohon soja yana tsaro. Ran 10 ga Mayu 1752 hadari ya bi ta kan ƙauyen, tsohon sojan ya kusantar da waya ga sandar, sai tartsatsi ya yi ta tsalle yana ƙara. Franklin kuwa, tun labari bai iso masa ba, ya yi nasa gwajin a watan Yuni. Ya ɗaura adikon siliki a kan 'yan sanduna biyu, irin abin wasan da yaran Turai kan saki iska ta ɗaga sama da zare, ya rataya mabuɗi a ƙarshen zaren. Da zaren ya jiƙe, ya miƙa hannu kusa da mabuɗin, tartsatsi ya fito. Aka tabbata walƙiya lantarki ce.

Kada wani yaro ya ce zai gwada wannan. Aradu ba ta faɗa wa abin Franklin ba, wutar da ke warwatse cikin iska kaɗai zaren ya tara, da ta faɗa masa da labarin ya ƙare nan. A 1753 wani shehun malami a birnin Fitasbag na Rasha, Richmann, ya jawo waya daga rufin gidansa zuwa ɗakin aikinsa don ya auna wutar hadari. Ya sunkuya yana duban ma'auninsa, wuta ta fito ta buge shi a goshi, ya faɗi matacce.

Amfanin da aka samu shi ne sandar tsarin aradu. A kafa ƙarfe mai tsini ya zarce rufin gida, a haɗa shi da waya mai kauri, a binne ƙarshenta cikin ƙasa mai laima. In aradu ta zo sai ta bi ƙarfen ta shige ƙasa, ta bar ginin da mutanen ciki. Franklin bai nemi ko anini a kan wannan dabara ba. Duk da haka mutane suka yi ta jan ƙafa. A 1769 aradu ta faɗa wa wata hasumiya a birnin Brescia na Italiya inda aka tara albarushi, wuri ya tashi, wajen kashi ɗaya cikin shida na birnin ya rushe, ɗaruruwan mutane suka mutu. Babbar hasumiyar birnin Fenis kuwa, wadda aradu ta sha tsagawa, sai a 1776 aka sa mata sanda. Jiragen ruwa ma sun sha wuya, don itacen filafilansu shi ya fi kome tsawo a teku. Cikin jiragen farko da aka sa wa tsari akwai wani ƙaramin jirgin Ingila, Beagle, wanda ya tashi kewaya duniya a 1831. Sunan kyaftin ɗinsa Robert FitzRoy.

WAYA TA RIGA HADARI

Sanin hadari matafiyi ne bai amfani kowa ba muddin labari a kan doki ya ke tafiya, gama hadari ya fi doki sauri. Sai a 1844 Morse ya aika da saƙo ta wayar tangaraho daga Washinton zuwa Baltimore. Daga nan labari ya sami ƙafar da ta fi ta iska. Tun 1849 ma'aikatan waya a Amurka suka fara aika labarin sararin garuruwansu zuwa Washinton, a zana shi bisa taswira.

Ran 14 ga Nuwamba 1854, ana cikin yaƙin Kirimiya, wata iska ta faɗa wa jiragen Ingila da na Faransa a Baƙin Teku, ta nutsar da da yawa, har da wanda ke ɗauke da tufafin sanyi na soja. Gwamnatin Faransa ta sa wani masanin taurari, Le Verrier, ya bincika. Ya tara rubuce-rubucen masu awo daga ko'ina cikin Turai, ya jera su kwana-kwana, sai ga sawun iskar a fili, ta ratso Turai daga yamma tana tafe. Da akwai mai buga waya, da an yi shiri.

A shekarar nan ce aka naɗa FitzRoy shugaban wani ƙaramin ofis a Landan mai tara labarin iska don matuƙa. A watan Oktoba 1859 wani jirgi, Royal Charter, ya taso daga Ostareliya, saura kaɗan ya isa Libaful, iska ta maka shi a duwatsun gaɓar Wales, mutum wajen 450 suka hallaka. Abin ya tsaya wa FitzRoy a rai. Ya kafa masu awo a tashoshin jiragen ruwa, ko wace safiya su buga masa waya: nauyin iska kaza, zafi kaza, iska daga fuska kaza. Shi kuwa ya jera a taswira, in ya ga alamar masifa ya buga waya a ɗaga alama a bakin teku, masunta su gani su zauna gida. An fara wannan a Fabrairu 1861. Ran 1 ga Agusta na shekarar kuma jaridar The Times ta fara buga kintacensa na kwanaki masu zuwa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Aikin FitzRoy ke nan, sai dai shi ya sa na nesa su riƙa gaya wa juna.

Bai sha daɗi ba. Tashoshinsa kaɗan ne, yammacinsa kuwa teku ce, ba mai buga masa waya daga can. In ya faɗa daidai a yi shiru, in ya kuskure jaridu su yi masa ba'a. Masu jiragen kamun kifi suka ƙi shi don ma'aikatansu na ƙin fita, waɗansu masana kuma suka ce aikinsa ba ilmi ba ne. Ga bashi, ga rashin lafiya, ga baƙin ciki, har ya kashe kansa a 1865. Aka dakatar da gargaɗin a 1866. Sai masunta da matuƙa suka yi ta kuka, aka mayar da shi a 1867, domin su ne suka san abin da ya tsare musu.

LISSAFI DA NA'URA

A 1904 wani masanin ƙasar Nowe, Vilhelm Bjerknes, ya ce iska tana bin ƙa'idodi kamar yadda ruwa ke bin gangare. In mun san halinta yau a ko'ina, mun kuma san ƙa'idodin, to, halinta na gobe lissafi ne. Shi da almajiransa a birnin Bergen suka gano yawancin hadarin Turai yana tasowa ne a inda iska mai sanyi ta yi karo da mai ɗumi. Da ya ke an fito daga Yaƙin Duniya na Farko ke nan, sai suka kira wurin karon da sunan bakin dāga.

Wani Bature na Ingila, Lewis Richardson, wanda ya yi aikin tuƙa motar ɗaukar masu rauni a yaƙin, ya ɗauki alƙalami ya ce zai gwada lissafin. Ya zaɓi wata rana da ta riga ta wuce, 20 ga Mayu 1910, ya yi wajen mako shida yana lissafin abin da zai faru cikin sa'a shida. Amsar ta fito ba daidai ba ko kusa. Duk da haka ya buga aikin a 1922, bai ɓoye kuskuren ba, ya kuma ƙiyasta sai an tara masu lissafi 64,000 kafin su riƙa tafiya daidai da iskar duniya. Hanyarsa daidai ce, hannaye ne suka gaza. A 1950 aka ba wata kwamfuta ta farko-farko a Amurka, mai suna ENIAC, irin wannan aiki, ta yi lissafin kwana guda cikin wajen kwana guda. Na'urorin yau su kan yi na kwana goma cikin abin da bai kai sa'o'i kaɗan ba.

Idanu ma suka ƙaru. Tun wajen 1930 a ke sakin balan-balan ɗauke da ma'auni, yana hawa yana aiko da labari ta rediyo. A Yaƙin Duniya na Biyu aka ga na'urar rada, wadda aka yi don hangen jiragen abokan gāba, tana nuna ruwan sama ma. Ran 1 ga Afirilu 1960 aka harba tauraron ɗan'adam na farko mai ɗaukar hoton girgije, a 1977 kuma aka harba Meteosat, wanda ya tsaya bisa tekun da ke kudu da Ghana yana kallon Afirka dare da rana. Amma a 1963 wani masani, Edward Lorenz, ya nuna kuskure ɗan ƙanƙane a awon yau ya kan yi ta girma har ya ɓata lissafin gaba ɗaya. Saboda haka kintacen rana-rana ba ya wuce wajen mako biyu. Shi ya sa masu wannan aiki su kan ce ana sa ran ruwa, ba su cewa lalle.

ABIN DA KE CIKIN HADARI

A 1946 da 1947 aka sa matuƙa jiragen sama a Amurka su riƙa kutsawa cikin hadari da gangan, waɗansu a sama waɗansu a ƙasa, suna awo. Ga abin da aka gane. Rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi da laima ta tashi sama. Tana hawa tana sanyi, tururin da ke cikinta ya zama ɗigon ruwa, girgije ya yi ta tsiri kamar tulin auduga, a ƙasashe masu zafi har ya kai mil goma. Sa'ad da ruwa da ƙanƙara suka yi nauyi sai su faɗo, su jawo iska mai sanyi ƙasa tare da su. Wannan iska in ta bugi ƙasa sai ta bazu gaba, ita ce mai ta da ƙurar nan kafin ruwa ya sauko. Daga ƙarshe iska mai sauka ta rinjayi mai hawa, girgijen ya mutu. Ran girgije ɗaya bai cika wuce sa'a guda ba, sai dai kafin ya mutu ya kan haifi wani a gabansa.

Daga wajen mil uku zuwa sama, ko a ƙasarmu, sanyi ya isa daskarar da ruwa. A can ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara masu hawa suna gogayya da manya masu faɗowa. Ƙananan su ɗauki lantarkin tarawa su yi ƙoli da shi, manyan su riƙe na ɗebewa a ƙasa-ƙasa. In abin ya taru ya yi yawa sai ya ɓarke. Yawancin walƙiya a cikin girgije ta ke ƙarewa, kaɗan ke saukowa.

Yadda ta ke saukowa kuwa, wani masanin Afirka ta Kudu, Basil Schonland, shi ya ɗauki hotonsa bayan 1930 da wata na'urar hoto mai juyawa. Da fari wani siririn haske ya kan sauko daki-daki, ko wane taki wajen yadi 50, yana rassa kamar saiwa. In ya kusa ƙasa, sai wani ya taso daga abin da ya fi tsawo, itace, ko hasumiya, ko mutum a fili, ya tarye shi. Da sun haɗu hanya ta buɗe, babbar wuta ta bi ta. Ta kan maimaita sau uku ko huɗu, shi ya sa mu ke ganin walƙiya tana ƙyafta. Kaurin hanyar bai fi inci guda ba, amma zafinta ya kan kai digiri 30,000, watau wajen ninki biyar na zafin fuskar rana. Iskar da ke wurin ta kumbura farat ɗaya, ƙarar kumburin ita ce tsawa. Mu kan ce tsawa ta kashe mutum, amma wutar ce ke kisa, ƙarar tana biyo baya. Haske nan take ya ke isowa, ƙara kuwa tana cin daƙiƙa biyar a ko wane mil. In kun ga walƙiya ku ƙirga har ku ji tsawa, ku raba da biyar, kun san nisanta. A duniya duka a kan yi walƙiya sau 40 zuwa 50 a ko wace daƙiƙa, gabashin Kwango kuwa yana cikin wuraren da suka fi ko'ina yawanta.

HADARIN ƘASARMU

Yanzu mu koma kan abin da Franklin ya gani daren husufi, gama irinsa yana faruwa a kanmu ko wace damina. Laimar da ke ba mu ruwa daga kudu maso yamma ta ke zuwa, daga teku. Me ya sa hadari kuwa daga gabas ya ke fitowa? Dalili shi ne wajen mil biyu bisa kanmu akwai wata iska mai ƙarfi da ke busawa daga gabas zuwa yamma, ita ke kora girgije. Hadarinmu ya kan tashi a ƙasashe masu tudu, kamar Darfur, da Azbin, da duwatsun Jos da na Kamaru, ya jeru sahu guda mai tsawon ɗaruruwan mil, ya yi yamma da saurin wajen mil 30 a sa'a. Wanda ya tashi a Borno da la'asar yana iya isa Kano kafin asuba. Irin wannan hadari shi ke kawo mafi yawan ruwan da gero da dawa ke sha.

Iskar nan ta gabas tana tafe ne tana lanƙwasa, ko wane kwana uku zuwa biyar lanƙwasa guda ta wuce. Waɗansunsu in sun fita teku ta wajen Dakar sai su ƙasaita su zama manyan guguwowin da ke rushe garuruwa a tsibiran Karibiyan da gaɓar Amurka. Don haka masanan can suna bukatar awon da a ke yi a nan. A 1974 ƙasashe da yawa suka tara jiragen ruwa wajen 40 da jiragen sama, suka yi sansani a Dakar don nazarin wannan al'amari. A shekarar kuma, bayan babban farin da ya kashe dabbobin Sahel, aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai, aka ƙara da ACMAD a 1987. A Nijeriya hukumar NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003, ta kan fitar da kintacen damina ko wace shekara. Duk da haka Afirka tana cikin wuraren da suka fi ƙarancin tashoshin awo, kwamfuta kuwa kome ƙarfinta ba ta iya lissafi da abin da ba a auna ba.

ABIN DA YA RAGE GARE KU

A watan Yuni 2011 aradu ta faɗa wa wata makarantar firamare a gundumar Kiryandongo ta Yuganda, ta kashe yara 18 da malami guda. Shekara fiye da 250 ke nan bayan an san maganin abin. Saboda haka ku duba rufin makarantarku. In ba sandar tsari, ku gaya wa malaminku cikin ladabi, shi kuma ya kai maganar gaba.

In kuna jin tsawa, to, kuna inda aradu ke iya kaiwa. Kada ku fake gindin itace, balle wanda ke tsaye shi kaɗai. Ku fita daga rafi da kududdufi, ku bar filin ƙwallo da tsakiyar gona, ku sauka daga tudu. Rumfa da bukka ba su tsare kowa. Ku shiga gini mai ƙwari ko mota mai rufin ƙarfe, ku nisanci waya da famfo, ku dakata rabin sa'a bayan tsawa ta ƙarshe. In aradu ta bugi wani, ku sani ba sauran wuta a jikinsa. A taɓa shi, a taimake shi da numfashi in ya ɗauke, a gaggauta kai shi asibiti, gama da yawa su kan rayu in an yi hanzari.

Makarantar da ke da ma'aunin ruwan sama kuwa, wanda aka ba aikin dubawa kada ya raina shi. Ya je ko wace safiya a sa'a ɗaya, ya rubuta abin da ya gani, ba ƙari ba ragi. Ranar da ba a yi ruwa ba ma ya rubuta sifiri, don ita ma labari ce. Ranar da ya manta kuwa ya bar gurbin, kada ya cika da ka. Da irin waɗannan 'yan lambobi hakiman Koriya suka fara, da su Le Verrier ya ga sawun iska, da su FitzRoy ya tsare masunta. Mai yiwuwa ne cikinku akwai wanda wata rana zai zauna gaban taswira, ya gaya wa manoman lardinsa su dakata da shuka mako guda, iri ya tsira. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga sharrin aradu, amin.